Ɗigo Biyar Da Suka Sa Autata Kuka

Uwargida, in kina cikin masu leƙa bidiyon gyaran jiki a waya bayan yara sun yi barci, na san kin taɓa ganinsa: wani ɗan dunƙule mai launi, a jefa shi cikin ruwa, sai ruwan ya kama tafasa ba tare da wuta ba, ƙamshi ya cika banɗaki. Wata Baturiyar Ingila mai suna Mo Constantine ce ta ƙirƙiro shi a 1989, tana kuma cikin waɗanda suka kafa kamfanin Lush daga baya. Su can a kwamin wanka suke jefa shi su kwanta. Ni kuwa bokiti da baho ne nawa, amma na ce sai na gwada.

Autata ce ta tura ni. Shekararta huɗu, kuma ba abin da ta tsana irin wanka. Kullum da safe sai mun yi tsere a tsakar gida, tana kuka ina faɗa. Na ce ƙila in ta ga ruwa yana mata wasa za ta shiga da ƙafarta. Na kuma kwantar da hankalina da cewa tunda da hannuna zan haɗa, ba abin da zai cuce ta. Riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Haɗin ba shi da wuya. Kofi 1 na bekin soda (ki lura, ba bekin foda na kek ba), rabin kofi na sitirik asid, wato farin garin nan mai kama da sukari mai tsamin lemun tsami da ake samu wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu, sai rabin kofi na sitacin masara. Ki tankaɗe su wuri guda. A wani kofin daban ki narkar da man kwakwa babban cokali 2, ki ɗiga tataccen man ƙamshi a cikinsa, ɗigo 15 zuwa 20 ga duka kwaɓin idan na babba ne. Ki zuba man a kan garin kaɗan-kaɗan kina murzawa, sannan ki fesa ruwa da kwalbar feshi, feshi ɗaya ki juya, har ya zama kamar yashi mai danshi, wanda in kin dunƙule a hannu ba zai warware ba. Ki danna shi sosai a mazubin ƙanƙara na firij, ki bar shi kwana ɗaya ya bushe. Za ki samu kamar guda 12.

Sirrin tafasar shi ne: muddin soda da tsamin suna bushe, zaman lafiya suke yi. Da ruwa ya shiga tsakaninsu sai su haɗu su saki iskar da kike gani tana tasowa a kwalbar lemo. Shi ya sa gwajina na farko ya lalace. A watan Agusta na yi, ana tsakiyar damina, danshin iska kaɗai ya tayar da shi. Na wayi gari na tarar ya kumbura ya malalo daga mazubi kamar ƙullin waina da ya kwana. Da hunturu ya shigo na sake, ya fito garas.

Ranar farko autata ta shiga baho da kanta tana dariya, tana kama kumfa da hannu. Na yi murna, har na kira babansu ya gani. A rana ta uku ne na yi wauta. Na ji ƙamshin bai kai yadda nake so ba, ga kwalbar man na'ana'a a kusa, sai na ɗiga biyar kai tsaye a cikin ruwan. Na ce ai na'ana'a ce, wadda muke sawa a shayi.

Ko minti biyu ba a yi ba ta fara ihu: “Umma, zafi! Umma, sanyi!” Cinyoyinta da cikinta sun yi ja, idanunta na zubar da ruwa. Na sunkuce ta da zani na ruga gidan maƙwabciyata, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Ta goge mata jiki da man girki, ta wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa, ta duba numfashinta. Allah ya taƙaita, kafin la'asar jan ya baje. Amma maganar da ta gaya min ba ta baje ba. Ta ce: “Maman Auta, mai ba ya narkewa a ruwa. Sama yake tasowa, ya manne a fatar yarinya da cikakken ƙarfinsa.”

A nan na gane ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ganyen na'ana'a daban, tataccen mansa daban. Tulin ganye ake turarawa kafin a samu 'yar kwalba ɗaya, don haka ɗigo ɗaya ba abin wasa ba ne. Kasancewar abu daga tsiro ya fito, ko a gida aka haɗa shi, ba ya nufin ba zai cutar ba. Barkono ma ai tsiro ne.

Ga abin da nake kiyayewa tun daga ranar, ke ma ki riƙe:

Kada ki ɗiga man ƙamshi kai tsaye a ruwan wanka. Ki fara gauraya shi da man kwakwa ko man kaɗanya.

Man na'ana'a da na bishiyar turare ba na ƙananan yara ba ne, don suna iya taɓa numfashinsu. Jariri kuwa ruwa zalla da sabulunsa sun ishe shi. Na autata yanzu ba na sa man ƙamshi ko kaɗan, tafasar ce dama take so.

Kada ki zauna a ciki da sunan gyara, musamman in kina jego ko kina da ciki. Turare da tsami suna iya kawo ƙaiƙayi da kumburi a gaba. Haka wanda ke da ƙuraje ko fatar da ta tsage, ya haƙura.

Ki adana shi a roba mai murfi, a sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Kama yake da alawar madara, yaro zai kai baki.

Man yana sa daɓe santsi, ki wanke banɗaki bayan an gama. Ruwan da ƙamshinsa ya canza kuma ba na alwala ko wankan tsarki ba ne, ki tanadi wani daban.

Ban daina yi ba. Yanzu kwaɓi biyu nake yi, na yara marar ƙamshi, nawa kuma da man labanda, a ƙirge. Bayan isha'i, in gida ya yi tsit, nakan zuba ruwan ɗumi a baho, in jefa guda ɗaya, in tsoma ƙafafun da suka wuni a tsaye na minti goma. Kwana biyu kaɗai na yi ina shafa man kaɗanya bayan haka, kaushin hunturu ya fara laushi.

Ita kuwa auta, sai da ta yi mako guda tana gudun bahon. Da ta dawo, sai ta tsaya daga bakin ƙofa, ta leƙa ruwan, ta dube ni, ta ce: “Umma, ba ki sa mai zafin ba ko?” Na ce ban sa ba. Ta sa yatsa ɗaya ta gwada tukuna, sannan ta shiga.