Kwarashin Goggo a Sabonjida

A Tamale ta yarintarmu ba a faɗin ciki da baki. Mace za ta kai wata shida tana ɗaura zani a ƙirji, kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Mai shela a gidanmu na Sabonjida shi ne kwarashin Goggo. Ranar da ta zaro shi daga tsohon gwangwanin madara ta zauna gindin darbejiya bayan la'asar, sai matan gida su kalli juna su yi murmushi. Wanda ya ce, "Goggo, na wa ake saƙawa?" sai ta ce, "Mai shi na kan hanya, Allah dai ya sauke lafiya."

Sabon ulu akwai shi a kasuwar Aboabo, amma Goggo ba ta cika ba da kuɗinta a kai ba. Wajen masu gwanjo take zuwa, waɗanda dilolinsu ke tasowa daga Kantamanto ta Accra su biyo ta Kumasi da Techiman da Kintampo. Ta zaɓi tsohuwar rigar sanyi mai laushi, ko da ta huje a gwiwar hannu, ta kawo mana mu warware. Zaren yana fitowa a murɗe, sai a naɗe shi a bayan kujera, a tsoma a ruwan ɗumi, a rataye shi da ɗan dutse a ƙasa har ya miƙe. Kafin ta fara, takan kai bakin zaren kan fitila. In ya narke ya dunƙule yana warin roba, na hula ne. In ya yi ƙaurin gashi, ta ce wannan na ƙafa ne.

Awonta yatsa ne. Tsawon manuniyarta shi ne tafin ƙafar jariri sabuwar haihuwa, ta ƙara kaɗan saboda, in ji ta, 'ya'yan gidanmu manyan ƙafafu gare su. Ta fara da 'yar sarƙa, ta zagaye ta har tafin ya fito, ta tayar da gefe, sannan ta riƙa haɗa ido biyu-biyu a gaba har bakin safar ya rufe ya yi kamar ƙaramin kwalekwale. Daga ƙarshe ta zura igiya a wuya, ta ɗaura tuntu a kowane baki. Ba ta barin ƙulli ko ɗaya ta ciki. Sai ta juye safar ta goga a kumatunta, in ta ji kaushi ta warware ta sake.

Ranar suna, bayan wanzami ya yi aski an raba goro, sai a shafe yaro da man kaɗe a sa masa hula da safa a miƙa wa masu barka. A hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, wannan gata ne, don sanyin asubar Tamale ba wasa ba ne ga ɗan kwana bakwai. Amma na sha ganin jaririn Maris, lokacin da zafi ke kai digiri 40, an lulluɓe shi da ulu yana tsala ihu, don kada a ce an raina aikin Goggo. Nan kam al'ada ta cuci yaro.

Kuɗinta ba tsayayye ba ne. Maƙwabta Dagomba kan biya da doya ko ƙwaryar gyaɗa, wasu da tsohon sidi, kafin a cire masa sifili huɗu a 2007. Gwanjon da ya ciyar da sana'ar shi ya taimaka wajen kashe ta, domin dilolin sun fara zuwa maƙare da kayan jarirai, saiti 'yan China kuma suka cika shaguna a leda. Suna da araha, kuma ba na zargin uwar da ta saya. Sai dai wanki kaɗan suke saki.

Yanzu 'yan mata na koyon kwarashi a YouTube, suna saƙa jaka da hula. Madalla. In akwai tsohuwa a gidanku da ta iya safar jarirai, ku je ta nuna muku yadda ake rufe baki ba ƙulli, kuma ku fara tun damina in kuna da mai haihuwa a hunturu.