Daga Ruwa Zuwa Ruwa: Shirin Tafiyar Kwana Uku A Kan Keke Ta Godogodo

Wannan makon zan fitar da ku daga kantin magani mu ɗan sha iska, kodayake a kantin ne maganar ta faro.

Wata ranar Asabar autan gidanmu ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, don Allah ki haɗa mini maganin da zai hana ni gajiya na kwana uku." Na ajiye abin da nake yi na dube shi. Ashe shi da abokansa huɗu ne suka ƙulla za su yi doguwar tafiya a kan keke. Sun ga yadda ake yi a Ingila, inda akwai wata hanyar masu keke da aka buɗe a 1994, ta tashi daga garin Whitehaven a gaɓar yamma ta ƙare a Sunderland ko Tynemouth a gaɓar gabas, kimanin kilomita 225. Al'adar masu bin ta ita ce su tsoma tayar baya a tekun da suka baro, in sun isa su tsoma ta gaba a ɗaya tekun. Da yawansu kwana uku suke yi.

Mu nan Arewa ba mu da teku, amma samarin sun samo mafita. Za su tsoma taya a ruwan Assop da ke Hawan Kibo a Jihar Filato, su ratsa ta Gidan Waya da Godogodo da Kagoro, su ƙare a ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Dabarar ta burge ni. Buƙatar maganin ce ba ta burge ni ba. Na ce masa babu ƙwayar da zan ba shi, amma in ya yarda, ni da maigidana za mu ɗauke shi a mota mu je mu ga hanyar da idonmu kafin a sa rana. Shirin zaune ai ya fi na tsaye.

Mai karatu, in ba ka taɓa bin wannan yanki ba, ka sa shi cikin wuraren da kake son gani. Daga Assop, inda ruwa ke sulalowa kan baƙaƙen duwatsu a gefen hanyar Jos zuwa Akwanga, ƙasa tana ta gangarowa ne daga tudun Filato. Ba jimawa za ka shiga dajin Nimbiya, inda aka dasa dogayen itatuwan katako jere-jere, inuwarsu ta rufe gefen titi. A mararrabar da direbobi ke kira Forest ake barin babbar hanya a nufi Gidan Waya, garin da Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take. Daga nan Godogodo ba nisa.

Godogodo gari ne a Ƙaramar Hukumar Jama'a. Haƙar kuza ta zamanin Turawa ta tara masa mutane daga wurare dabam-dabam, shi ya sa za ka ji Hausa a bakin kowa a kasuwa, alhali kowa na da harshen da yake yi a gida. Ƙasa ce mai albarka: doya, masara, ayaba, rake, ga itatuwan kwakwar manja da ba mu saba gani a Kano ko Katsina ba. Amma garin ya ga tashin hankali. A watan Oktoban 2016 an kai masa hari, an rasa rayuka, an ƙone gidaje. Mutanen da suka ga irin wannan ba za ka zarge su ba in suka tsaya suna kallon baƙin samari biyar da jakunkuna a baya. Don haka abu na farko da muka rubuta a takardar shiri shi ne mai masauki. Wani abokin aikin maigidana ɗan garin ne, shi ya kai mu muka gaida mai unguwa, muka faɗi ranar da yaran za su iso da inda za su kwana. Haka muka yi a Kagoro. Kai ma in za ka yi irin wannan tafiya, ka kira mutanen wurin ana saura mako, ka sake kira ana gobe. In suka ce a dakata, to a dakata.

Zuwan ya amfane mu ta wani wajen kuma. Da farko yaran sun so su tashi daga Kafanchan su ƙare a Hawan Kibo. Da Auta ya ga yadda hanya ke hawa, ya yi shiru. Turawan can suna tasowa daga yamma ne don iska ta riƙa tura su ta baya. Mu kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wanda ya taso daga Assop ya nufi Kafanchan ya samu gangara, iska ma ba ta tare masa gaba. Muka juya tafiyar. Muka kuma yanke cewa ba mai hawa ko gangara Hawan Kibo kansa a kan keke, domin wurin ya yi ƙaurin suna wajen haɗarin manyan motoci.

Lokaci ma abin lura ne. Damina a kudancin Kaduna ta fi tamu tsawo, takan kai Oktoba. Ƙarshen Nuwamba ya fi dacewa: hanya ta bushe, ruwan Matsirga bai janye ba, ƙurar hunturu ba ta yi kauri ba, zafin bazara kuma da sauransa. Ranar farko a kwana Godogodo. Ta biyu a kwana Kagoro a gindin dutsen nan nata, inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu. Ta uku a shiga Kafanchan, garin da jirgin ƙasa ya raya tun da layin dogo daga Fatakwal ya iso a 1927, a wuce Matsirga inda ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30. Dokar da muka sa: kada a wuce kilomita 40 a rana, a tashi bayan sallar Asuba da gari ya waye, a huta in rana ta take, kuma La'asar ta same su a masauki. Ba tafiyar dare ko da wasa.

Yanzu bari in koma ɓangarena. Abin da Auta ya zo nema, ko bai faɗi suna ba, na san tramadol abokai suka raɗa masa. Wannan ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi. Ciwo take ɓoyewa, shi kuwa ciwo saƙo ne jiki ke aiko maka cewa ka tsaya. Tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, ka tuna kuma a kan titin da tirela ke bi ake magana. Sannan ga kamun da take yi wa mai sha.

Su ibuprofen da diclofenac da ake saya kamar alewa, su ma ba abin sha ba ne kafin a hau keke. Jikin da ya yi gumi ya rasa ruwa, jinin da ke zuwa ƙoda ya riga ya ragu, waɗannan magunguna kuma suna ƙara rage shi. Mai gyambon ciki ma suna tayar masa da shi. In jiki ya yi tsami da dare, paracetamol ya isa: ƙwaya biyu masu miligiram 500 ga babba, kada a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24.

Maganin gajiya na gaskiya shi ne ruwa da abinci da horo. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a duba fitsari: in ya yi duhu kamar shayi, ruwa ya yi ƙaranci. Gumi na tafiya da gishiri, don haka ruwa zalla bai wadatar ba. A riƙe fakitin ORS, in babu a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino, gyaɗa da ayaba su zauna a aljihu. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi cikin rana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwa, a garzaya asibiti. Shi ya sa muka rubuta inda asibiti yake a kowane zango, har da babban asibitin Kafanchan.

A jakar taimakon gaggawa na sa musu bandeji, auduga, filasta, aidin, sabulu, basilin saboda gogar sirdi, da gidan sauro. Na tambayi kowa rabonsa da allurar tetanus. Na ja kunnensu: kare in ya yi cizo, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti ranar, maciji in ya yi sara, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, a hana ƙafar motsi a ɗauki mutum. Zazzaɓin cizon sauro kuma yakan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, don haka duk wanda jikinsa ya yi zafi bayan an dawo gida, gwaji tukuna kafin magani. Hular kwano dole ce. Keken ma a kai shi wajen mai gyara ya duba burki da taya, a riƙe famfo da kayan faci.

Tambayar da ta fi nauyi na bar ta ƙarshe: akwai mai wata lalura a cikinku? Mai hawan jini, ciwon suga ko asma yana iya hawa keke, amma likitansa ya san da tafiyar tun da wuri, musamman mai allurar insulin da sukarinsa ke iya faɗuwa a hanya. Da na yi tambayar, ɗaya daga cikin samarin ya sunkuyar da kai. Sikila ne, kuma abokan ba su sani ba, don yana gudun a ce masa rago. Ƙishirwa, wahala mai tsanani da sanyin asuba, duk abubuwa ne da ke tayar da ciwon, kuma wannan tafiya ta haɗa ukun. Ba mu cire shi ba. Shi zai zauna a motar da za ta riƙa bin su da ruwa da kaya, shi ne mai riƙe da waya da taswira, kuma shi zai tsoma tayar farko a Assop.

Uwa, in ɗanki ya zo miki da irin wannan buri, kada ki yi saurin cewa a'a, domin mai son motsa jiki ya fi mai kwana a kan waya. Ki tambaye shi wa zai sauke su, ina za su kwana, wa ke bin su, me ke cikin jakarsa. In ya amsa duka, ki sa masa albarka. Ummanmu sai da ta ga takardar da lambobin masu masauki sannan ta amince.

Yanzu haka Auta na makonsa na huɗu yana fita kowace safiya, ya fara da kilomita 10, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Rannan ya shigo kanti yana ɗingishi, na ɗauka maganar ƙwaya zai sake tayarwa. Basilin ya saya, ya biya kuɗinsa, ya fita.

Allah Ya kai su lafiya, Ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu mako mai zuwa.