Ƙasar da ake noman fure a fille masa kai

Watan Afrilu a Kazaure wata ne na neman inuwa. Duwatsun Roni sun gasu, ciyawa ta ƙare, dabbobi sun rame, idon kowa yana gabas. A daidai wannan watan na tarar da mutanen Holan suna fitowa daga sanyin hunturunsu, riga kan riga, kowa da kyamara ko waya a hannu, suna bin furanni gona-gona.

Matattararsu Keukenhof, wani lambu a garin Lisse, kudu maso yammacin Amsterdam. Faɗinsa hekta 32. An fara buɗe shi ga jama'a a 1950, kuma mako takwas kacal yake karɓar baƙi a shekara, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu. Sarkin furannin wurin shi ne tulip, wanda gindinsa dunƙule ne kamar albasa. Da kaka ma'aikata ke binne irin waɗannan dunƙulen, wajen miliyan 7, da hannu. Hawa-hawa suke jera su a ƙasa, masu jinkirin fitowa a can ciki, masu sauri a sama, don kada fage ya zauna babu fure. Ƙasar yankin rairayi ce, wadda manomin Babura zai gane da ya damƙa. Sai dai tulip ba ya fure sai ya kwana makonni cikin sanyi mai tsanani, don haka kada wani ya yi wahalar ɗauko iri.

Mai ɗaukar hoto ya samu wuri. A gida, hantsi na yi rana ta wanke launin komai. Can kuwa gajimare ke tace haske, ja ya fito ja, rawaya ta fito rawaya, kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas da rabi. Iska ce kawai matsala: ka gama saiti, furen ya kau da kai. Na ga wani dattijo, furfura fat, ya kwanta rubda-ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa don ya ɗauko fure ɗaya ta ƙasa, sama na bayansa. Ba wanda ya ko kalle shi. Da a bakin dam ɗin Kazaure ne, da tuni yara sun kewaye shi, wani ya durƙusa ya ce, "Baba, lafiya dai?"

Abin da ya fi ɗaure mini kai yana wajen lambun, a gonakin manoma. Kunya-kunya ne na launi har iya ganinka, ja, fari, ruwan hoda. Fure na kan ganiyarsa sai ga manomi da injinsa, yana bin kunyoyin yana fille kawunan, furanni na zuba a kwari, ya bar kore zalla. Baƙi har salati suke yi da yarensu. Shi kuwa ko a jikinsa, domin ba fure yake nomawa ba. Idan aka bar furen, shukar za ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri. Idan aka cire shi, abincin da ganye ke haɗawa sai ya koma ƙasa, dunƙulen ya yi ƙiba. Shi za a tone a watan Yuni ko Yuli, a ware manya a sayar ƙasashen duniya, a mayar da ƙanana gona. Shi ya sa suke kafa alluna suna roƙon kada a shiga: takalmi na yawo da cuta daga gona zuwa gona, shukar da aka taka kuma ta tashi aiki. Duk da haka za ka ga mai neman hoto ya tsallaka ya zauna tsakiyar kunya. Ina bayan manomin.

Tulip ma baƙo ne a Holan. Asalinsa tsaunukan tsakiyar Asiya, ya biyo ta hannun Turkawa, kuma masanin tsirrai Carolus Clusius ya dasa shi a lambun jami'ar Leiden a 1593. Kafin 1637 farashinsa ya haukace, sannan kasuwar ta rushe a watan Fabrairun shekarar. A yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin mamayar Jamus, mutane dafa dunƙulen suka yi suka ci.

Tsuntsayen can kuma ba su san danƙo ba. A Vondelpark, wurin shaƙatawa da aka buɗe a Amsterdam a 1865, zalɓe zai tsaya ka matso taku kaɗan, ka ɗauka, ka sake ɗauka, bai motsa ba. Wasu ma kasuwar Albert Cuyp suke zuwa da yamma, su jira masu kifi su tashi. A saman itatuwa kuma sai ga tsirya, koriya shar, da doguwar jela da jan baki, garke guda suna ƙara. Daga keji kakanninsu suka tsere, suka jure sanyi, suka hayayyafa. Yanzu masu kula da tsuntsaye na can suna gardama ko suna ƙwace wa 'yan gida kogunan itatuwan da suke sheƙa a ciki.