Waƙar ƙawa a lakwal

Ɗiyanmu na dawowa daga lakwal da waƙar Faransanci a baki, sun hardace tsaf, amma in munka tambayi ma'ana sai shiru. Alhali da dare su ke ba da waƙar gaɗa a dandali, kowace na saka sunan ƙawarta.

Mu matan asusu, daga Dogondutsi har Tibiri, muna roƙon malamai su bar yara su tsara waƙa da Hausa, kan ƙawa da kan yayar da ke riƙe hannun ƙarama zuwa aji. Wadda ajinsu ke rera sunanta, ranar da anka tsare ta gida don talla, za a zo nemanta.

Kuɗin kaye da alli, mu fidda ranar zubi.