Farautar Kayan Gyaran Injin Baba

Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, lissafin mutanen Yawuri ya canja. Kogi ya zama tafki, Gungawa da yawa suka bar tsibiransu zuwa sababbin matsugunai, tafiyar da a da ake yi da gora da filafili ta fi ƙarfin damtse. Sai inji ya karɓi aikin. Na Baba ƙirar Yamaha ne mai doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, ana ja da igiya kafin ya tashi. Da shi yake kai 'yan kasuwa Warra da Malale, da shi muka ci, da shi aka biya mana kuɗin makaranta.

Sayen injin bai ba Baba wahala kamar riƙe shi ba. Bayan faɗuwar darajar Naira a 1986, sabon inji ya gagari talaka, kowa ya koma lallaɓa tsohonsa. Fulogi dai ana samu a gari. Amma in ringi ya cinye, ko kwayil ya ƙone, ko kafireta ta ƙi jin wanki, to farauta ta tashi.

Wurin farko shi ne rumfar bakanikenmu a bakin ruwa. A ƙarƙashin bencinsa akwai tulin matattun injuna, ba ya yarda a sayar da ko ɗaya ga masu gwangwan. Idan aka tayar da inji a cikin rabin duro cike da ruwa, sai ya karkata kai ya saurara, sannan ya duba ko injin yana fitsari, wato ɗan siririn ruwan nan da yake tsartuwa ta baya. In ya ɗauke, robar famfon ruwa ta mutu ke nan. Yashin kogi ne ke cin fukafukanta, kuma duk wanda ya ci gaba da tafiya a haka zai dafa fistin ɗinsa.

"Alhaji, kada ka sake ka ɗora shi a ruwa yau," zai ce wa Baba. "Ka ba ni zuwa la'asar in tona gawarwakin nan."

Sau da yawa a nan ake dacewa, domin da tsohuwar zuma ake magani. In ba a dace ba, sai a juya ga direbobin manyan motocin da ke kai bandar kifi Anacha. Babu wayar hannu, babu hoto, ba kuma kowa ya san lambar kaya ba. Abin da ya lalace shi ake cirewa, a naɗe a tsumma, a ɗaure da kuɗi, a damƙa wa direba. Shi zai shiga kasuwa yana gwada tsoho da sabo, rami da rami, haƙori da haƙori. Ba rasit, ba shaida, sai "Allah ya kiyaye hanya". Jirgi na ɗaure a gaɓa, gida ana ta tsimi, kowa kunnensa na tasha.

Ranar da saƙo ya iso, bakanike ne alƙali. Yakan auna nauyin abin a tafin hannu, ya lanƙwasa robar ya ga ko za ta koma daidai. Kaya iri uku ne a bakinsa: na asali, na Beljiyam wanda aka ciro daga tsohon injin Turai, da jabu. Na Beljiyam ya fi masa sabon da bai san asalinsa ba. Abin da ya gagara samuwa kuwa sai a ƙirƙira. Na ga an yanka gaskit daga kwali mai kauri, na ga ƙusa ta tsaya a madadin fil ɗin farfela har jirgi ya kai gaɓa. Sai dai yana da iyaka: dabara ta kai mutum gida ce, ba ta ɗaukar fasinja ba.

Yau yaro zai ɗauki hoton abin da ya lalace ya tura ta WhatsApp, ya biya ta waya, kaya su iso cikin kwana biyu. Sauƙi ya samu, ba musu. Amma jabu ya yawaita, kwalinsa har ya fi na asali sheƙi, masu gane shi da hannu kuma suna ta ƙarewa. Mota in ta mutu sai a gangara gefen titi. Inji in ya mutu a tsakiyar tafki, ga iska ga lodi, babu gefen da za a gangara. Don haka masu jirage, ku nemi tsofaffin bakanikenku tun suna raye, ku tura yara su koya, kuma kada araha ta sa ku ɗaura jabu a injin da ke ɗauke da rayukan mutane.