Kada Ka Bar Rano da Yunwa

Wani abokina ɗan birni ya taɓa yi mini gori a ɗakin kwana, wai mu mutanen Rano ba mu san komai ba sai tuwon dawa. Abin ya ci mini rai. Da aka yi hutu sai na roƙi Baba ya bar ni in gayyato shi.

Da sassafe na kai shi wurin mai koko da ƙosai, na ce ya jira wanda aka tsame yanzu. Da hantsi muka nufi Rurum, kusa da madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974. Nan masunta ke kawo ƙarfasa da tarwaɗa. Na koya masa duba kifi: in ido ya dushe, kwanan kifi ne, a bar shi.

Kashegari muka je Kibiya wurin Gwaggo. Ta dama mana fura da kindirmon Fulani. Da magariba kuwa ga tuwon dawar nan da miyar kuka da man shanu. Malmala uku ya tashi da ita!

'Yan'uwa ɗalibai, gani ya kori ji. Kada kowa ya ji kunyar abincin garinsu.