Surace da ruwan gishiri: hunturun ƙuruciyarmu a Jega

A Jega na taso, kuma a gidanmu ana gane hunturu ya kankama ne idan muryoyin yara suka fara fita ta hanci. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan lulluɓe gari, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga ƙasar Chadi ta haɗu da wadda motocin albasar Aliero ke tayarwa a hanya. Ni murata ta fi ta kowa tsanani: hanci ya toshe, majina ta yi kauri, goshi da kumatu su yi nauyi, in na sunkuya ruku'u sai ciwon ya taru a gaban kaina.

Inna ba ta rikicewa. Da magariba za ta tafasa ganyen darbejiya da citta da kanumfari, ta sauke tukunyar, ta ce, "Taho nan, ɗan nan, ka yi surace." Sai ta rufe ni da bargo har gumi ya keto, tana riƙe da bakin tukunyar don kada in ture ta. Daga nan sai kunu mai zafi da ya ji masoro, a shafa mini man zafi a ƙirji, a ɗaga mini matashi in kwana kaina a sama. Ƙanana kuwa ba ta yarda su kusanci tukunyar, don ta san ƙunar ruwan zafi ta fi murar illa.

Kakarmu ta Maiyama, inda muke zuwa lokacin sussukar gero, tata dabarar daban ce. Idan ƙaiƙayi ya cika mana hanci, sai ta jiƙa ɗan gishiri a ruwan da ta tafasa ya huce, ta sa mu shaƙa mu face kamar mai alwala. Muna ƙin sa saboda raɗaɗi, amma a daren nan muna samun barci.

Da na girma na fahimci abin da ke faruwa. A ƙasusuwan fuska akwai ƙananan koguna, a goshi da kumatu da tsakanin idanu da can bayan hanci, waɗanda ke zubar da majina ta 'yan ƙofofi. Idan mura ko ƙura ko hayaƙin murhu ya kumbura su, ƙofofin kan toshe. Yawanci ƙwayar cutar mura ce sanadi, kuma ciwon yakan lafa da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Surace sauƙi yake kawowa na ɗan lokaci. Ruwan gishirin Kaka, kamar rabin ƙaramin cokali a kofi guda, shi likitoci suka fi ba da shawara.

Abin da ke damuna yau shi ne gaggawarmu. Hanci na toshewa sai a ruga kemis a sayo kafso, alhali maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ƙwayar mura. Wasu kuma su yi ta fesa maganin buɗe hanci makonni, bayan kuwa in ya wuce 'yan kwanaki ƙara toshewar yake yi.

Iyayenmu sun san iyakar jinyar gida. Yaron da zazzaɓinsa ya yi zafi, ko idonsa ya kumbura, ko wuyansa ya sanƙare, ba a zama da shi. Yankinmu na cikin inda sanƙarau ke ɓulla da rani, kuma a farkon 2025 ya jawo asarar rayuka a Gwandu da Jega da Aliero.

'Yan uwa, mu riƙe haƙurin iyayenmu da dabarunsu, mu rufe hanci ranar hazo, mu yawaita shan ruwa. Amma ciwon da ya haura kwana 10, ko ya zo da waɗancan alamu, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.